Zaɓen Likitan Tiyatar Gwiwa Ga Mai Inshorar Lafiya Ta Kamfani

JOS — Mafi yawan harkokin da ake yi a Titin Bauchi da ke birnin Jos harkoki ne na tsayuwa da kai-da-kawo. Tun daga tashar mota har zuwa ƙofar Jami'ar Jos, da unguwannin da ke jingine da titin irin su Unguwar Rogo da Unguwar Rimi, akwai direbobin dogon zango, da dillalan kayan gwari masu zirga-zirga zuwa Farin Gada, da masu sayar da kayan gyaran mota, da 'yan tireda waɗanda kan wuni a tsaye daga hantsi har almuru. Ga irin waɗannan mutane lafiyar gwiwa wani ɓangare ce ta jari, domin ranar da ta ƙi ɗaukar mai ita, ranar ce ciniki kan soma ja da baya. Idan sanyin watan Disamba da Janairu ya sauko a wannan gari mai tudu, masu fama da amosanin gwiwa sukan ƙara kokawa da sagewar gaɓa, kuma a irin wannan lokaci ne da yawa daga cikinsu kan fara tunanin zuwa ganin likitan ƙashi.

A 'yan shekarun nan an sami ƙaruwar 'yan kasuwa masu riƙe da katin inshorar lafiya ta kamfani. Wasu sun saya da kuɗinsu, wasu ta hanyar ƙungiyar sana'a suka shiga, wasu kuwa 'ya'yansu da ke aiki a bankuna ko kamfanonin sadarwa ne suka sanya sunayensu. Yawanci mai katin yakan ɗauka cewa da zarar an ce sai an yi masa tiyata, to, zai je wurin likitan da ransa ya kwanta da shi, kamfani kuma ya biya duka. Abin da ke rubuce cikin yarjejeniyar inshora ya sha bamban da haka. Tun ranar da aka sa hannu a kanta aka riga aka taƙaita asibitocin da za a iya zuwa da kuɗin da za a iya kashewa, don haka wanda ke son ya zaɓi likita da idon basira dole ya fara da sanin iyakar da takardar ta shata masa.

Yadda tsarin yake

Dokar soja mai lamba 35 ta shekarar 1999 ita ce ta kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, amma bai fara aiki sosai ba sai a shekarar 2005. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin tsohuwar, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa da mazaunin cikinta. Jihar Filato ita ma ta kafa tata hukumar mai suna PLASCHEMA a shekarar 2019. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan magani a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa, abin da ke nuna cewa mafi yawan jama'a har yanzu ba su saba da ƙa'idojin inshora ba.

Inshorar da wannan darasi ya shafa ita ce wadda kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO ke sayarwa, irin su Hygeia, da AXA Mansard, da Avon, da Reliance, da Total Health Trust, da Leadway. Hukumar NHIA ce ke ba su lasisi, ita ce kuma ke sa ido a kansu. Kowane kamfani yana da jerin asibitocin da ya ƙulla yarjejeniya da su, kuma yakan kasa su aji-aji gwargwadon tsadarsu. Mai ƙaramin tsari ba ya da ikon zuwa asibitin babban aji, ko da kuwa asibitin yana cikin jerin kamfanin. Bugu da ƙari, majiyyaci ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa wurin babban likita. Ƙa'ida ita ce ya fara da asibitin da ya yi rajista, likitan can ya duba shi, ya rubuta takardar turawa, sa'an nan kamfanin ya ba da lambar izini. Duk aikin da aka yi ba tare da wannan lamba ba, in ba na gaggawa ba ne, kamfani yana da hujjar ƙin biya.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Jerin kamfanin inshora jerin asibitoci ne, sunayen likitoci ba safai suke fitowa a ciki ba. Shigar asibiti cikin jerin yana nufin ya cika sharuɗɗan rajista, kuma ya amince da farashin da kamfanin ke biya. Bai ce komai ba game da gwiwa nawa likitan asibitin ya taɓa yi wa aiki, ko kuma yadda masu gwiwoyin suka ƙare. Wannan bincike yana wuyan majiyyaci da iyalinsa.

Sassan yarjejeniya da ke yanke hukunci

Kafin a nemi likita, wajibi ne a ɗauko takardar amfanin da ke tare da katin a karanta ta a tsanake, ko a nemi wanda ya iya ya karanta ya fassara. Wurin farko da za a duba shi ne iyakar kuɗin shekara, wato jimlar abin da kamfani zai kashe wa mutum ɗaya cikin wata 12. A ƙarƙashin wannan akwai wata iyakar ta daban da aka keɓe wa tiyata, wadda sau da yawa ba ta kai ko rabin ta farkon ba. Mutane da dama babbar lambar suke gani su saki jiki, alhali ƙaramar ce za ta yi aiki a ranar tiyata.

Sai kuma maganar ƙarfen da ake sanyawa a gwiwa. A aikin sauya gwiwa ana datse saman ƙasusuwan da guringuntsinsu ya cinye, a lulluɓe su da ƙarfe na musamman, a sa roba mai tauri a tsakani, a manne da wani irin siminti na likitanci. Waɗannan kaya daga ƙasashen waje ake shigo da su, daga kamfanoni irin su Zimmer Biomet, da Stryker, da DePuy Synthes, da Smith & Nephew, ko kuma daga masana'antun Indiya da Sin, kuma farashinsu yana bin dala. A watan Yuni na 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kuɗin ƙarfen gwiwa ya bi wannan hawa, amma iyakar tiyata a cikin yarjejeniyoyi da yawa ba ta ninka haka ba. Wasu tsare-tsaren suna biyan aikin likita da kuɗin gado su cire ƙarfen, wasu kuwa sun fitar da sauya gaɓa ɗungurungum daga cikin abin da suke ɗauka.

Don a ga yadda lissafin kan kasance, a ƙaddara cewa wani mai sayar da taya yana da tsari mai iyakar naira miliyan 3 a shekara, amma iyakar tiyata a ciki miliyan 1 ce, ƙarfe kuma ba ya ciki. A ƙaddara kuma asibiti ya yanka masa miliyan 6, rabi na ƙarfe, rabi na aiki da kwanciya da magani. Kamfani zai biya miliyan 1 kacal, sauran miliyan 5 daga uwar kuɗin shagonsa za su fita. Waɗannan lambobi misali ne kawai, amma irin wannan giɓi ne ke sa ɗan kasuwa ya karyar da kaya ko ya ci bashi a ranar da ba ya da ƙarfin yin ciniki.

Har ila yau akwai sharaɗin tsohon ciwo da na lokacin jira. Amosanin gwiwa ciwo ne mai ɗaukar shekaru kafin ya kai ga tiyata, saboda haka kamfani zai iya cewa mutum ya shigo da abinsa ne tun kafin ya sayi inshora. A tsarin da mutum ya saya shi kaɗai, yawanci akan sa ya jira wasu watanni, wani lokaci har shekara guda, kafin a ɗauki nauyin babbar tiyatar da ba ta gaggawa ba. Tsarin da ma'aikata ko ƙungiya suka shiga a dunƙule ya fi sassauci a wannan fanni. Ɓoye tsohon ciwo a lokacin cika fom ba dabara ba ce, domin hoton ƙashi yana nuna daɗewar lalacewa, kuma ƙarya a fom hujja ce ta soke yarjejeniya. Daga ƙarshe sai a duba yawan zaman gashin ƙashi da aka amince da shi a shekara, da ko ana biyan hoton MRI, da kuɗin jini, da sandunan dogarawa.

Wace tiyata, wane likita

Kalmar tiyatar gwiwa ta ƙunshi ayyuka daban-daban, kuma ba kowane likitan ƙashi ne ya goge a dukkansu ba. Matashin da jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke a filin ƙwallo ko a haɗarin babur yana bukatar wanda ya saba da aikin na'urar leƙe, wadda ake zurawa ta ƙananan huji a sake ɗinka jijiya. Wanda ƙashinsa ya karye har cikin gaɓa yana bukatar gwanin haɗa karaya. Mai matsakaicin shekaru wanda ƙafarsa ta yi gwame, gefe ɗaya na gwiwar kaɗai ya cinye, wani lokaci akan yanka ƙashin ƙwaurinsa a miƙar da shi domin a jinkirta sauya gaɓar. Dattijon da guringuntsinsa ya ƙare, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ne ake yi wa maganar sauya gwiwa, ko dai rabinta ko dukkanta. Yawancin likitocin ƙashi a manyan asibitocin ƙasar nan karayar haɗarin mota ce ta fi cinye lokacinsu, don haka mutum zai iya zama gwani a wannan fage amma hannunsa bai faɗa sosai a kan sauya gaɓa ba.

Alamar farko ta likitan ƙwarai ita ce ba ya gaggawar kai mutum ɗakin tiyata. Zai sa a ɗauki hoton gwiwa majiyyaci yana tsaye, ya tambayi nisan da yake iya takawa da ko ciwon yana hana shi barci, ya kuma bincika ko an gwada rage ƙiba da motsa jiki da magungunan rage zafi. Bincike ya nuna cewa duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Haka nan akwai aikin da ya kamata a yi hattara da shi, wato wanke gwiwar mai amosani da na'urar leƙe. A shekarar 2002 wasu likitoci a birnin Houston na Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi, inda aka yi wa wasu majiyyata wankin na gaske, wasu kuma aka ɗan tsaga musu fata kawai aka ɗinke. Bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci tsakanin ɓangarorin ba. Wanda aka ba shi shawarar wannan aiki saboda amosani zalla, yana da kyau ya ji ta bakin likita na biyu kafin ya ƙone iyakar tiyatarsa ta shekara a kansa.

Dangane da takardun shaida, likitan ƙashi a Nijeriya yakan yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar horon asibiti, sa'an nan ya shiga horon ƙwarewa na wasu shekaru biyar ko shida a asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi. A ƙarshe yakan sami shaidar Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ake rubuta wa FWACS bayan suna. Hukumar MDCN ce ke riƙe da rajistar likitoci, ita ke sabunta lasisinsu kowace shekara, ita ce kuma ke rubuta ƙarin shaidar ƙwarewa. Tambayar waɗannan takardu ba rashin kunya ba ce. Ɗan kasuwar da ba ya sayen mota sai ya ga takardun kwastan, bai kamata ya ji nauyin tambayar wanda zai yanka masa ƙashi ba. Bayan wannan shaida ta gama-gari, a tambaya ko likitan ya yi ƙarin horo na musamman a kan sauya gaɓoɓi, a ina, kuma na tsawon wane lokaci.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: gwiwa nawa yake sauyawa a shekara? An daɗe da tabbatarwa a ƙasashe da dama cewa likitoci da asibitocin da suka fi yawan yin wannan aiki su ne suka fi ƙarancin matsala bayan tiyata. Dalili kuwa a fili yake. Aikin na awo ne, ana yanka ƙashi bisa ma'auni, a daidaita jijiyoyin gefe, kuma kuskuren ɗan ƙaramin kusurwa yana iya sa roba ta cinye da wuri ko gwiwa ta riƙa sassarfa. Wanda yake yi kowane mako, shi da ma'aikatan jinyarsa da mai ba da allurar kashe jiki, sun riga sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Wanda yake yi sau uku ko huɗu a shekara kusan kullum kamar sabon farawa yake. Ƙasar Suwidin ta buɗe rajistar gwiwoyin da aka sauya tun 1975, Ingila da Wales suka bi baya a 2003, har ma a can majiyyaci yana iya duba yawan aikin da likitansa ya yi. A nan gida kuwa sai an buɗe baki an tambaya, kuma yadda likita ya karɓi tambayar shi ma wani ma'auni ne. Wanda ya faɗi adadi, ya ambaci matsalolin da ya taɓa gamuwa da su da yadda ya warware su, ya fi abin dogara a kan wanda ya ce shi bai taɓa samun matsala ba.

Babbar musibar wannan aiki ita ce shigar ƙwayar cuta cikin gaɓar. A asibitocin da suka ƙware, abin yakan sami mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari. Idan ta kama ƙarfen, ƙwayoyin magani kaɗai ba safai suke kashe ta ba, sau da yawa sai an sake buɗewa an cire ƙarfen, a yi makonni ana allura, sa'an nan a sake sanya wani mai tsada fiye da na farko. A lokacin kuwa iyakar inshora ta riga ta ƙare. Saboda haka a tambayi yadda ɗakin tiyatar yake: ko an keɓe shi ga aikin ƙashi mai tsabta, ko kuwa ɗaki ɗaya ne da ake fiɗar hanji da yanke ruɓaɓɓiyar ƙafa, yadda ake dafa kayan aiki, ko akwai janareta da ma'ajin jini da ɗakin kulawa ta musamman. Likita mai kula zai ƙi taɓa gwiwa har sai an daidaita ciwon suga da hawan jini, an warkar da duk wani gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori, mai shan taba ya daina, kuma an sami tazarar aƙalla wata uku daga allurar ƙarshe da aka yi a cikin gaɓar. Zai kuma yi bayanin maganin da zai bayar don hana gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu ya yi kisa.

Wani abin la'akari shi ne likitocin ziyara. Wasu asibitoci masu zaman kansu sukan gayyato ƙwararre daga Legas ko Abuja ko ƙasar waje, ya yi wa mutane da dama aiki cikin kwana biyu ko uku ya koma. Aikin nasa yana iya yin kyau ƙwarai, amma matsala ba ta cika tasowa a ranar tiyata ba, sai bayan mako biyu ko wata biyu. Wajibi ne a san sunan likitan da zai riƙe wuƙa, da sunan wanda za a kira idan rauni ya fara ruwa da tsakar dare, musamman a wannan zamani da likitoci ke ta ƙaura zuwa ƙasashen waje. A kuma nemi a rubuta sunan kamfanin da ya ƙera ƙarfen da lambarsa da girmansa a ba majiyyaci ya adana, domin duk wanda zai sake taɓa gwiwar bayan shekaru sai ya bukaci wannan bayani.

Abin da gwiwar ƙarfe ke iyawa

A shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar Bristol da ke Ingila sun wallafa a mujallar Lancet cewa kimanin kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kai shekara 25 suna aiki, na rabi kuwa kimanin kashi 70. Wannan labari ne mai daɗi ga ɗan shekara 65, amma ga ɗan shekara 45 yana nufin akwai yiwuwar tiyata ta biyu a gaba. An kuma san cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya samun gamsuwa cikakkiya, ko dai saboda sauran ciwo ko saboda tauri.

A nan ne rayuwar mutanen wannan yanki take shigowa. An tsara gwiwar ƙarfe tun farko domin masu zama a kujera, kuma yawanci takan lanƙwasa zuwa digiri 110 ko 120. Zaman tahiya a salla, da durƙuso a coci, da harɗe ƙafa a tabarma, da tsugunno a bayan gida, duk suna bukatar lanƙwasa fiye da haka. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin a kujera suke ci gaba da salla, kuma sai an sauya musu masai zuwa na zama. Likitan da ya san mutanensa zai tayar da wannan magana da kansa tun kafin a tambaye shi. Wanda ya yi alkawarin cewa gwiwa za ta koma kamar ta saurayi, ya faɗi abin da ba ya hannunsa.

A gida ko a nesa

Mazaunin Titin Bauchi yana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham wanda aka fi sani da Jankwano, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da wasu asibitoci masu zaman kansu. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙara Jos cikin garuruwan da aka kafa wa asibitin ƙashi na ƙasa. A waje da jihar akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake karɓar masu ciwon ƙashi daga duk faɗin Arewa, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Bauchi mai nisan kilomita kusan 130, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ko wanne aka nufa, sai an tabbatar daga bakin kamfanin inshora, a rubuce, cewa yana cikin ajin da katin ya ƙunsa, kuma yarjejeniyarsu tana nan daram a wannan wata, domin asibitoci sukan dakatar da karɓar katin kamfanin da suke bi bashi.

Nisa yana da nasa farashin da inshora ba ta biya: kuɗin mota, da masaukin mai jinya, da komawa ganin likita sau da yawa. Tiyatar kanta awa ɗaya zuwa biyu ce, kuma akan tayar da majiyyaci ya fara takawa cikin kwana ɗaya, amma makonni shida na farko suna da matuƙar tasiri a kan yadda gwiwar za ta lanƙwasa daga baya. Saboda haka ko a Kano aka yi aikin, tilas a shirya da ma'aikacin gashin ƙashi mai rajista a Jos tun kafin a tafi, a kuma haɗa shi da likitan. Masu tafiya Indiya ko Masar su sani cewa tsarin inshora na gida ba ya bin su can sai in an sayi babban tsari mai wannan sharaɗi, kuma dillalin da ke haɗa su da asibitin waje la'ada yake karɓa daga asibitin. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin gudan jini.

Idan likitan da aka gamsu da shi ba ya cikin jeri

Wannan yakan faru, kuma ba a nan magana take ƙarewa ba. Mai kati zai iya rubuta wa kamfanin ya nemi a tura shi can bisa hujjar cewa asibitocin da ke jerin ba su yin irin wannan aiki a kai a kai, ya haɗa da takardar likitan da ya fara duba shi. Zai iya neman kamfanin ya biya gwargwadon farashinsa, shi kuma ya cika ragowar. Wasu kamfanonin sukan yarda mutum ya biya da kansa su mayar masa daga baya, amma wannan sai da amincewa a rubuce tun kafin aiki, da rasit na kowane kobo. Alkawarin baki ta waya ba ya tsayawa a gaban akanta. Idan kuma lokacin sabunta yarjejeniya ya kusa, ciwon kuwa zai iya jira, ana iya ɗaga tsari zuwa babban aji, bayan an tambaya ko sabon lokacin jira zai hau kan mutum.

Ko ta wace hanya aka bi, a karɓi ƙiyasin asibiti dalla-dalla: kuɗin likita, da na mai kashe jiki, da na ƙarfe, da kwanakin gado, da magani, da gashi. A kai wa kamfanin ya nuna layin da zai biya da wanda ba zai biya ba. A kuma tambayi ɓangarorin biyu wanda zai ɗauki nauyi idan aka sake kwantar da majiyyaci cikin wata uku.

Dangane da jinkirin lambar izini, a shekarar 2025 hukumar NHIA, ƙarƙashin shugabanta Dokta Kelechi Ohiri, ta umarci kamfanonin HMO da su amsa bukatar asibiti cikin awa ɗaya. Wanda aka ƙi biya masa abin da yarjejeniya ta ƙunsa yana da ikon kai ƙara ofishin hukumar na jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, don haka wanda gwiwarsa ta karye ko ta goce a haɗari ba zai tsaya jiran lamba ba. Idan kuma a bakin aiki ma'aikaci ya ji rauni, yawancin tsare-tsaren inshorar lafiya sun cire wannan, domin yana ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda asusun NSITF ke gudanarwa, inda mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa. Mai motocin haya ko mai gidan burodin da bai yi wannan rajista ba, shi zai ɗauki jinyar yaronsa.

Sauran abin da ya rage shi ne lokaci. Sauya gwiwa saboda amosani ba aikin gaggawa ba ne, don haka ɗan kasuwa yana da damar tsara shi kamar yadda yake tsara sarin kaya. Mai aikin ofis yakan koma bakin aiki bayan makonni shida zuwa takwas, tuƙi ma kusan haka, amma mai wuni a tsaye ko mai hawa da sauka daga babbar mota sai ya ba kansa wata uku ko fiye, kuma gwiwar kan ci gaba da sakewa har tsawon shekara. Mai sayar da yadi ko kayan masarufi zai fi dacewa ya kauce wa watan azumi da gabanin Kirsimeti, dillalin kayan gwari kuma ya kauce wa kakar tumatir da dankali. Wanda gwiwoyinsa biyu duka suka lalace, idan likita ya ga babu laifi a raba aikin, zai iya yin ɗaya a ƙarshen shekarar inshora, ɗayar kuma bayan an sabunta, ta yadda kowace za ta sami iyakar tiyata ta shekararta.